Jinjina ga Maƙeran GnuPG

A Disamban 2022 aka fitar da manhajar kulle saƙonni GnuPG 2.4, shekara 25 bayan fitowarta ta farko. Ba kiɗa, ba shela. Haka Werner Koch na Jamus da 'yan tsirarun abokan aikinsa suka saba.

Manhajar makulli biyu take ba ka: ɗaya ka raba wa jama'a, ɗaya ka adana. Duk wanda ya kulle maka saƙo da na farkon, kai kaɗai za ka buɗe da na biyun. Tana kuma ba ka damar sa hannu a takarda, ni dai wannan ya fi burge ni. Ka buga hatiminka a takarda, wani ya sauya ko harafi ɗaya a hanya, nan take asirinsa ya tonu. Da wannan manhaja Edward Snowden ya tuntuɓi 'yan jarida a 2013.

Kyauta ce, kuma kowa na iya leƙa cikinta ya tantance. Abin da ke sosa mini rai, a farkon 2015 kuɗin tafiyar da aikin sun kusa ƙare wa Koch, alhali duniya na cin gajiyar guminsa. Sai da labarin ya bazu jama'a suka kawo ɗauki.