Kulocin Babur a Kan Dutse da Bakaniken da Ya Daina Bincike

Duk wanda ya taɓa barin Garwa a kan babur ya nufi ƙasar duwatsu, ko arewa ta Gidar zuwa Mokolo da Rumsiki cikin tsaunukan Mandara, ko kudu inda hanyar Ngaundare take hawa tudun nan mai kwane-kwane da ake kira Falez, ya san akwai wata gaɓa a jikin babur wadda ba a ko tuna ta a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin Binuwai, amma da zarar an fuskanci hawa sai hukuncin tafiya duka ya koma hannunta, watau kuloci, wanda mutanen nan suka fi kira ambarayaj da bakin Faransa. A kan gyaransa nake so in faɗi ra'ayina, domin wata ɗabi'a da na ga tana yaɗuwa a garejojinmu ta dame ni ƙwarai, ita ce gaggawar canza kaya tun ba a gano illa ba.

A zamanin da Suzuki da Yamaha na Japan suke riƙe da hanya, kayan gyara suna da tsada, balle bayan watan Janairu na 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, saboda haka bakanike ba shi da makawa sai ya yi ijtihadi, ya kwance, ya auna, ya gyara abin da yake gyaruwa. Daga baya baburan Sin suka kwararo, na Indiya irin su Bajaj da TVS suka biyo, kayansu suka cika kasuwa ta Mubi da Yola da araha, 'yan kilando, watau masu haya da babur, suka yawaita, talaka ya sami abin hawa. Wannan ni'ima ce, ba na musun haka, sai dai arahar nan ta sa an wayi gari sana'ar da take buƙatar nazari ta koma taƙalidi, yaro ya ga maigidansa ya zuba sababbin faya-fayai, shi ma ya zuba, ba tare da ya san dalili ba.

Alhali kuwa kuloci ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Faya-fayai ne a jere cikin baƙin mai, waɗansu masu fata, waɗansu na ƙarfe zalla, sifirin yana matse su wuri guda domin ƙarfin inji ya isa ga ƙafa, waya kuma tana sassauta su idan an damƙe hannu. In mahayi ya murɗa totur a kan hawa, inji ya yi ta kuka babur bai ja ba, faya-fayan ne suke zamewa, amma zamewa alama ce kawai, sababinta kuwa yana da fuskoki. Ta yiwu an ɗaure waya tamau ba a bar mata ɗan sakin da ya kamata ba, wanda a irin Honda CG125, da baburan Sin masu yawa suka kwaikwaya, milimita 10 ne zuwa 20 a bakin hannu. To wayar da ba ta da saki kullum tana riƙe da kuloci a ɗan buɗe. Ta yiwu sifirin ya gaji da zafi ya rage tsawo. Ta yiwu kuma, wannan ya fi yawa a ganina, man mota aka zuba, mai sinadarin ƙara santsi, irin wanda ake saye a kwalba kusa da masu zuwa-zuwa, watau masu sayar da fetur a bakin hanya, alhali masu ƙera babur na Japan sun fitar da ma'aunin man babur na JASO MA tun 1998 domin wannan matsala ita kanta. Dutse kuma yana ƙara nasa: Garwa tana kwance a kwari, Ngaundare ta haura mita 1,000 bisa teku, iska tana yin sirara inji yana rage ƙarfi, ga buhunan gero a baya, sai mahayi ya riƙe kuloci rabi yana lallaɓawa har ƙarfen ya yi zafi ya lanƙwashe. Shi wannan lanƙwasa, da zanen da faya-fayai kan ci a jikin kwandonsu, su ne suke haifar da kishiyar cutar, babur ya riƙa ja alhali an damƙe hannu, firi ta ƙi samuwa.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Sau biyu cikin wata uku wani matashi ya canza mini faya-fayai, duk da haka babur ya sake zamewa da ni a hawan Rumsiki. Na tura shi wurin wani dattijo a Mokolo, bai taɓa sifana ba sai da ya latsa hannun kuloci, ya ɗebo mai a yatsa ya shinshina, sa'an nan ya ce, "Malam, wane mai kake ba shi, wa kuma ya ɗaure maka wayar nan?" Na ce, "Baba, duk aikin gareji ne." Ya sassauta waya, ya juye mai, ya ɗora faya-fayan ƙarfe ɗaya ɗaya a kan wani ɓallen gilashi yana duban wanda bai kwanta daidai ba, ya goge zanen kwando da magagari, ya mayar da komai sai faifai guda da ya lanƙwashe.

Ba na tuhumar matashin nan da algus, domin na tabbata iyakar abin da aka koya masa ke nan, kuma mu masu babur muna da namu laifi, tun da mukan biya kuɗin sabon kaya da daɗin rai, amma mu yi ciniki mai tsanani a kan ladan bincike, kamar ilimin da ke kan mutum ba shi da haƙƙi. Duk da haka dukiyar ɗan kilando da yake biyan balas kowace yamma amana ce a hannun mai gyara, haka ran wanda zai gangaro Falez da iyali a baya, kuma zubar da faifai mai lafiya israfi ne ko da arha aka saye shi. Abin da nake roƙon iyayen gidan sana'a a Garwa da Gidar da Fitowa shi ne kada su bar yaro ya buɗe murfin kuloci sai ya fara duba waya da mai, ya kuma faɗi da bakinsa illar da yake zato da hujjarsa. Dattijon Mokolo yana da yara uku a rumfarsa ranar da na je, na kuwa lura ƙaramin cikinsu ne kaɗai ya matso ya tsuguna lokacin da aka ɗauko gilashin.