Biyayya ko amana: waiwaye kan majalisun ƙananan hukumomi a ƙasar Ƙonni

A ranar 24 ga Yuli 2004 ƴan Nijar suka zaɓi mashawartan ƙananan hukumomi 265, karo na farko da majalisu zaɓaɓɓu suka zauna a duk faɗin ƙasa. A watan Afrilu 2024 hukumar soja ta CNSP ta rushe waɗannan majalisu, ta naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Shekara ashirin ke nan, kuma ta ishi mai hankali ya waiwaya. Abin da nake son in jawo hankalin malamai da ƙungiyoyin al'adu a kansa shi ne kalmar da muka aza wannan gini a bisanta. Bafaranshe yana da kalma guda da yake yabon ɗan siyasa mai riƙon alkawari da ita, mu kuwa muna da biyu, biyayya da amana, kuma ba tagwaye ba ne.

Biyayya sama take duba: ɗa ga uba, almajiri ga malami, bara ga ubangida. Amana kuwa abin wani ce da aka damƙa maka, kuma mai ita yana da ikon ya ce ka kawo lissafi, ko da ya fi ka talauci. Kujerar mashawarci amana ce. Amma a fagen kamfe da bakin maroƙa, yabon da aka fi ji shi ne wane mai biyayya ne, bai taɓa saɓa wa jagora ba. Da wuya a ji an yi wa wani kirari da cewa ya karanta wa unguwarsa kasafin kuɗin shekara.

Tsarin zaɓen kansa ya taimaka wa wannan ruɗani. A wancan lokaci mai jefa ƙuri'a jerin sunayen jam'iyya yake zaɓa, kuma jam'iyya ce ke tsara wanda zai zo farko da wanda zai zo ƙarshe. Magajin gari ma, kafin a rushe majalisu, mashawarta ne ke zaɓensa a tsakaninsu, su ne kuma ke iya tsige shi da ƙuri'ar yanke ƙauna. Saboda haka mashawarci ya san wanda ya sa sunansa a takarda, ya san wanda ya biya kuɗin mota da atamfa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ƙawance ya ɓaci a Yamai, sai girgizarsa ta iso har ƙauye. A Yamai ɗin ma an gani: a 2013, jim kaɗan bayan jam'iyyar Lumana ta fice daga ƙawancen mulki, gwamnati ta sauke magajin gari Umaru Dogari. Ita ta ce laifin tafiyar da dukiya ne, magoya bayansa suka ce siyasa ce.

Mu dawo gida. Gundumar Ƙonni tana da ƙananan hukumomi huɗu: Birnin Ƙonni, Alela, Bazaga da Tsarnawa. Malbaza, wadda ta zama gunduma a 2011, tana da Malbaza da Dogarawa. Illela tana da Illela, Badagishiri da Tajaye. Ƙasa ce mai arziki: ga albasar Galmi, ga siminti a Malbaza, ga noman rani a fadamar Ƙonni da ruwan Maggiya, ga babbar hanyar Yamai zuwa Maradi, ga iyaka da jihar Sakkwato. Abin da majalisa take taɓawa a nan kafin a rushe ta shi ne cin abincin talaka: tikitin kasuwa da na tasha, rabon filaye, takardar haihuwa, kwashe shara, gyaran ajin makaranta. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023 sakamakon takunkumin CEDEAO, ɗan kabu-kabu da mai tura amalanke da mai sayar da albasa ne suka fara ji a jikinsu. Irin wannan rana ce ake neman wakili, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Wani zai ce jam'iyya ba ta tafiya sai da ladabi, kuma gaskiya ne. Majalisar da kowa ke jan akalarsa ba ta zartar da komai. Wani kuma zai ce tunda zaɓaɓɓun sun gaza, gara kantoma. Ga wannan sai mu tuna cewa an taɓa yi: bayan juyin mulkin Fabrairu 2010 an rushe majalisu, aka naɗa kantomomi, har zuwa zaɓen Janairu 2011. Kantoma yana iya zama adali mai himma, amma wanda ya naɗa shi yake kai wa lissafi. Su ma zaɓaɓɓun 2011, wa'adinsu na shekara biyar an yi ta ƙara shi har zuwa Disamba 2020. Wakilin da ya kusa shekara goma bai koma gaban masu ƙuri'a ba, wa zai ji tsoro?

Akwai kuma laifin harshe, kuma nan ne namu aikin yake. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta tanadi zama huɗu a shekara, ta buɗe ƙofar zaure ga jama'a, ta ba sarakunan gargajiya kujerar shawara ba tare da ƙuri'a ba. Dokar kaso ta kai rabon mata zuwa kashi 25 cikin 100 a 2019. To amma duk wannan da Faransanci aka rubuta shi, haka kasafin kuɗi, haka rahoton zama. Manomin Tsarnawa ba zai nemi lissafin amanar da ba a taɓa karanta masa da harshensa ba.

Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Idan wannan daraja za ta wuce takarda, to mu fassara dokar da kasafin kowace ƙaramar hukuma, a karanta su a rediyon gari. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo su hau dandali da mashawarcin da aka tsare shi da tambaya a bakin kasuwa. Malami kuma ya koya wa ɗalibi bambancin kalmomin nan biyu tun daga aji. Duk ranar da aka sake kafa akwatin zaɓe a Ƙonni, mu tambayi mai neman kujera: amanar wa za ka riƙe, kuma yaushe za ka kawo lissafi?