Ganye da saiwa: tsokaci a kan lissafin ƙungiyar AWID da kalmomin da aka yi shi da su

Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu yi tsokaci a kan wani aiki na ƙungiyar mata ta duniya da aka fi sani da sunan AWID, wato binciken da ta soma a shekarar 2005 a ƙarƙashin tambaya guda: ina kuɗin da aka ce an ware domin haƙƙin mata suke? Mu ba masana tattalin arziki ba ne, nazarin harshe ne aikinmu, saboda haka ba za mu sake lissafin ba. Za mu ɗauke shi yadda yake, mu duba abin da ya ƙirga da abin da ya tsallake, sa'an nan mu dubi kalmomin da aka yi ƙirgar da su.

An kafa AWID a Amurka a shekarar 1982. Waɗanda suka kafa ta malaman jami'a ne da ma'aikatan raya ƙasa, a zamanin da dokar da ake kira gyaran Percy, ta 1973, ta wajabta wa hukumar tallafi ta Amurka ta sa mata cikin ayyukanta. Sunanta na farko yana maganar mata a cikin raya ƙasa ne kurum. A farkon shekarun 2000 ta koma Toronto, ta kuma ƙara kalmar da faransanci ke cewa *droits* a cikin sunanta; za mu komo kan wannan kalma. Daga nan ra'ayoyinta suka fito fili: tana goyon bayan ikon mace a kan jikinta har da zubar da ciki, tana neman a daina hukunta matan da ke sana'ar karuwanci, tana kare masu neman jinsi ɗaya da waɗanda suka sauya jinsi, tana sukar tsarin jari-hujja, tana kuma bin diddigin abin da take kira tsattsauran ra'ayin addini. Ba ta ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma wannan abin yabo ne ko ga wanda bai yarda da su ba, domin ya san da wa yake gardama.

Rahoton da ya fi yin tashe ya fito a 2013, kuma takensa karin magana ne da duk manomi zai gane: ana ban ruwa ga ganye, an bar saiwa da yunwa. An yi tambayoyin a 2011, ƙungiyoyi sama da 1,100 na ƙasashe kamar 140 suka amsa. Daga cikinsu 740 suka faɗi abin da suka samu a shekarar 2010, aka tara shi duka ya tashi dalar Amurka miliyon 106. Idan aka jera su daga ƙarama zuwa babba, wadda ta faɗo a tsakiya dala 20,000 take juyawa a shekara, kusan miliyon 10 na sefa ke nan a canjin wancan lokaci. A wannan shekara ɗin, ƙungiyar World Vision ita kaɗai ta samu fiye da dala miliyar 2 da rabi. A 2019 kuma AWID ta ɗauki alƙaluman OCDE ta nuna cewa, cikin tallafin da ƙasashe masu arziki ke cewa na daidaita maza da mata ne, kashi 1 cikin 100 ne kawai ke isa kai tsaye ga ƙungiyoyin kare haƙƙin mata. Sauran yana tsayawa a hannun gwamnatoci, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da manyan ƙungiyoyin ƙasashen da suka ba da kuɗin.

Ba mu da ja a kan wannan. Duk wanda ya taɓa ganin jerin farar mota a ƙofar wani biro a Yamai, sa'an nan ya ga shugabar wata ƙungiyar mata ta ƙauye tana lissafin kuɗin motar da za ta mayar da ita gida bayan taro, ya riga ya karanta rahoton kafin a rubuta shi. Haka nan hujjar da ke bayan taken tana da ƙarfi: mai ba da kuɗi ya fi son abin da za a ƙirga cikin shekara biyu, yara mata nawa aka ba littafi, mata nawa aka ba akuya, alhali sauya doka ko al'ada aikin shekara ashirin ne, kuma ƙungiya mai ɗorewa ce kaɗai ke iya yin sa.

Inda muka fara tsayawa shi ne matsayin mai lissafin kansa. AWID tana karɓar kuɗin rajista daga mambobinta, amma ba da shi take rayuwa ba. Cikin manyan masu tallafa mata an daɗe ana samun hukumar Sida ta Suwidin, da ma'aikatar harkokin waje ta Holand, da gidauniyar Ford. A 2008 Holand ta buɗe asusun MDG3, sama da euro miliyon 70, aka raba wa ƙungiyoyi 45, har da AWID. A 2013 kuma AWID ce ta fitar da rahoton da ke nuna irin alherin da asusun ya yi. Ba mu cewa an yi ƙarya a ciki. Muna cewa ne wanda ya ci tuwon biki, in ya yabi miya, sai a ji ta bakin wanda bai samu shiga ba. Su kuwa waɗanda ba su samu shiga ba an san su: mafi ƙarancin abin da ake iya nema daga asusun ya kai ɗaruruwan dubban euro, wato ƙungiyar nan mai dala 20,000 ba ta da ma bakin tambaya, sai dai ta jira wata babba ta gutsuro mata. Raunin wannan dogaro ya bayyana daga baya. Suwidin ta yi watsi da manufarta ta harkokin waje mai fifita mata a Oktoban 2022, gwamnatin Holand ta ba da sanarwar janye hannu daga wannan fanni a Fabrairun 2025, kuma a wannan shekara aka rushe hukumar USAID.

Sai babbar tambayarmu: wace ce saiwa? Binciken ya gudana ta intanet, cikin manyan harsunan duniya. Babu hausa, babu zarma, babu fulfulde. Kafin ƙungiya ta shiga lissafi sai ta kasance tana da wanda ya iya ɗaya daga cikin harsunan nan, tana da kasafin kuɗi a rubuce, kuma ta san kanta da sunan da takardar ta kira ta da shi. Mu gwada wannan ma'auni a kan abin da muka sani. A 1991, a jahar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara, wanda ya ginu a kan adashen da mata suka gada: su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanka a akwati, su ranta wa juna, ƙarshen zagaye su raba. Tsarin ya bazu har ƙasashe da dama suka kwaikwaye shi, kuma daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 wasu daga cikin matan suka tsaya takara suka ci. Ga ƙungiya mai ɗorewa, ga kuɗi, ga siyasa, duk abin da rahoton ya ce saiwa ke yi. Amma da wuya a samu akwati ɗaya irin wannan a cikin 740 ɗin nan. Haka nan matan da suka yi maci a Yamai ranar 13 ga Mayun 1991, domin an sa mace ɗaya tak a kwamitin shirya babban taron ƙasa, ba su jira an amince da wani dosiye ba kafin su fito, ga shi kuwa ranar ta zama ranar matan Nijar. Lissafin ya auna saiwar da ta riga ta iya magana da mai ban ruwa. Wadda ke shan ruwan ƙasa bai gan ta ba.

A nan ne aikin ya shigo gonarmu, domin tallafi ba ya tafiya tsirara, cikin kalmomi yake tafiya, kuma kalmomin sai an fassara su kafin su isa kunnen waɗanda aka yi dominsu. Mu ɗauki *droits*. Hausa tana da kalma biyu a nan, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. *Ƴanci* ya fito daga *ɗa* da *ƴa*, wato matsayin wanda ba bawa ba. Wanda ya ce yana nema wa mata ƴanci ya riga ya ce, ko bai nufa ba, a cikin bauta suke, kuma miji ne ubangijin. *Haƙƙi* kuwa daga larabci yake, abin da ake bin mutum ne kamar bashi, kuma babu malamin da zai musa cewa mace tana da haƙƙi a kan mijinta: ci, da sha, da sutura, da wurin kwana, da gadonta. Mai fassara da ya zaɓi ta farko ya buɗe faɗa, wanda ya zaɓi ta biyu ya buɗe shawara, amma ya rage wani abu daga nufin masu takardar, tun da haƙƙin da fiƙihu ya sani bai kai inda AWID take son zuwa ba. Babu zaɓin da ba shi da asara.

*Genre* ta fi wuya. A ajin nahawu muna cewa *jinsi*, jinsin namiji da na tamata, babu wanda ya taɓa ɗaga gira. Amma kafofin watsa labarai sun saba wa kunne da *auren jinsi*, har kalmar ta ɗauki wannan wari. An taɓa kawo mana wata takardar tambayoyi ta wani proje mu mayar da ita hausa. Kalmar *genre* ta fito a cikinta fiye da sau ashirin, a kan rabon gona da ruwan rijiya kawai, amma matan da za su karanta ta a ƙauye suka roƙe mu mu cire *jinsi* ko'ina, domin kada a kore su kafin su zauna. Muka sa *tsakanin maza da mata*, masu proje suka ce mun ɓata ma'ana. Ita kuwa *autonomie* ba a ko magana: mai fassarar da ya yi gaggawa ya ce *mace mai zaman kanta* ya zagi duk matan da ke wurin, alhali da wannan siga ce muke kiran ONG *ƙungiya mai zaman kanta* ba tare da kowa ya yi dariya ba.

Kada a ɗauka muna cewa damuwar AWID game da tsattsauran ra'ayi baƙuwa ce a nan. A Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin FIMA, an kai wa gidajen mata marasa aure hari a Maraɗi. Kundin iyali ya mutu a farkon shekarun 1990 kafin ya zama doka. Nijar ta shiga yarjejeniyar CEDEF a 1999 amma ta keɓe sassan da suka shafi aure da gado. Majalisar dokoki ta ƙi yarjejeniyar Maputo a 2006. Ya kamata kuma a yi wa AWID adalci: a rahotanninta na 2017 da 2021 a kan masu adawa da haƙƙin mata a Majalisar Ɗinkin Duniya, fadar Vatikan da ƙungiyoyin kiristocin Amurka sun sha suka sosai, ba musulmi kaɗai ba. Sai dai kalma ɗaya da ta haɗa Vatikan da malamin zaure, in ta sauka a Damagaram ko Tawa, malamin zauren kaɗai take samu, shi da matan da ke karatu a gabansa, waɗanda su ne mafi yawan matan da ke taruwa a kai a kai a garuruwanmu.

Akwai misali a maƙwabta da ya nuna abin da ke cin nasara in rai na kan siraɗi. Da kotun shari'a ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa a jahar Katsina, takardun koke suka yi ta yawo a duniya. A Mayun 2003 ƙungiyar BAOBAB ta Najeriya, wadda Ayesha Imam take cikin waɗanda suka kafa ta, ta fitar da wasiƙa tana roƙon a dakata, domin wasu takardun suna ɗauke da bayanan da ba daidai ba, kuma suna iya harzuƙa waɗanda ake son a lallasa; abin da ake bukata shi ne kuɗin lauyoyi da goyon bayan masu aiki a wurin. Ranar 25 ga Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta sallame ta, bisa hujjojin da aka ciro daga cikin fiƙihun malikiyya, har da batun cikin da ke daɗewa, wanda kowace ungozoma ta sani da sunan *kwantacce*. BAOBAB ƙungiyar kare haƙƙin mata ce mai alaƙa da takwarorinta na duniya, irin wadda AWID ke ƙirgawa. Amma kalmar da ta yi aiki a gaban alƙalai ba ta cikin ƙamus ɗin masu ba da tallafi, kuma babu gurbin da za a rubuta ta a takardar neman kuɗi.

A watan Maris na 2025 aka ayyana hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, faransanci ya koma harshen aiki. Ko me mutum yake gani game da wannan mataki, yana nufin takardu irin waɗannan za su ƙara biyowa ta teburin masu fassara, a daidai lokacin da kuɗin da ke bayansu ke janyewa. Abin da muke ba sashenmu shawara shi ne a tattara fassarorin da aka riga aka yi wa kalmomin nan huɗu, *droits*, *genre*, *autonomie* da *fondamentalisme*, a rediyo, da littattafan yaƙi da jahilci, da takardun proje, tun daga 1991, a rubuta wa kowace wanda ya yi ta, da wanda ya biya, da yadda masu sauraro suka karɓe ta. Za a iya farawa da gidajen rediyon karkara na jahar Maraɗi, inda kaset-kaset na wancan zamani ba su gama lalacewa ba.