Jinjina ga Maginan GNU Classpath

Harshen rubuta manhaja na Java, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1995, ba ya aiki sai da rumbunsa: shiryayyun guntayen manhaja na jera bayanai, buɗe fayil, lissafin kwanan wata da shiga intanet. A lokacin kuwa, makullin rumbun yana hannun Sun.

A 1998 wasu masu rubuta manhaja suka ɗaura ɗamarar gina irinsa daga tushe a ƙarƙashin shirin GNU, da sunan GNU Classpath, don kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba. Sharaɗinsu mai tsauri ne: duk wanda ya leƙa rubutun Sun ba zai sa hannu ba. Sai dai mutum ya karanta bayanin abin da ake so guntu ya yi, ya rubuta nasa, a gwada shi da ma'aunin Mauve, wani daga wata ƙasa ya duba ya gyara. Hannu da yawa, maganin ƙazamar miya.

Da Sun ya buɗe rumbunsa a 2007, salon lasisinsu ya ara, kuma da aikinsu shirin IcedTea ya toshe wasu giɓin da suka rage.