Muna Zaune a Nzeng-Ayong, Kunnenmu Yana Kano

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana a 'yan shekarun nan, mu Hausawan Libreville, wadda take damuna, kuma ina ganin gara a faɗe ta a fili. Mutum zai yi shekara da shekaru a Nzeng-Ayong, ya san kuɗin taksi daga shataletale zuwa kasuwar Mont-Bouët, ya san kantin da ke ba da bashi da wanda ba ya bayarwa, ya iya ciniki da Faransanci har da zolaya. Amma ka ce ya ambaci mawaƙin ƙasar nan guda ɗaya da ya taɓa zama ya saurari waƙarsa daga farko har ƙarshe, sai ka ga ya yi tsuru-tsuru. Waya ta kawo masa Kano har cikin aljihu, shi kuma ya cusa abin ji a kunne ya rufe ƙofa.

Ka leƙa shagon ɗinkin 'yan uwanmu da hantsi. Keke na gudu, dutsen guga na huci, wayar da aka jingina a jikin gwangwanin allura tana ta zubo Hamisu Breaker da Ado Gwanja da Umar M. Shareef, jefi-jefi kuma waƙar siyasa ta Rarara a kan zaɓen da babu ɗaya daga cikin masu shagon da zai kaɗa ƙuri'a a cikinsa. A ƙetaren titi mashayar maƙwabta ta ƙure nata sautin. Tsakanin lasifikan nan biyu bai fi taku ashirin ba, amma duk wanda ke gefe ɗaya hayaniya yake ɗaukar na ɗaya gefen. Ni ma ina son waƙoƙin gida, kuma na san abin da muryar Bahaushe take yi wa zuciyar baƙo in damina ta kankama a garin nan, ruwa ya hana fita. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne ta zama ita kaɗai ce abincin kunnenmu.

Iyayenmu da suka riga mu zuwa ba haka suka yi zamansu ba. A wancan lokaci kaset ɗin Shata ko na Ɗanmaraya Jos sai matafiyi ya taho da shi ta Kamaru, ya zaga gida-gida har zarensa ya tauye, a sa biro a naɗe shi a mayar. Kafin wani ya iso, rediyo ake kunnawa. Tashar Africa N°1, wadda ta fara aiki a 1981, a lokacin daga nan Gabon take watsa shirye-shiryenta, da manyan turakunta na gajeren zango a Moyabi, ana kama ta har Yamai da Maraɗi. Ta nan dattawanmu suka san Franco da Tabu Ley na Kwango, suka san Patience Dabany, suka san Oliver N'Goma, ɗan Mayumba mai ɗaukar hoto a gidan talabijin, wanda waƙarsa Bane ta karaɗe Afirka a farkon shekarun 1990. Har yau akwai tsoffin Alhazai a unguwar nan da in aka sa ta za ka ga ƙafarsu tana motsi a ƙarƙashin babbar riga. Ba na fatan a koma zamanin ƙarancin kaset. Sai dai ƙarancin nan ya tilasta musu jin garin da suke ciki, mu kuwa yalwa ta ba mu damar kauce masa.

Kada wani ya ce mini ai haka Bahaushe yake, ba ya son kiɗan kowa sai nasa. Tarihinmu ya ƙaryata wannan. Tun da gidajen silima na Kwarori suka fara nuna finafinan Indiya a Kano da Jos da Kaduna, makaɗa irin su Abdu Yaron Goge suka ɗauki karin waƙoƙin suka zuba musu Hausa, masu bege suka ɗauka suka yi yabon Annabi da su a kan bandiri, daga baya waƙoƙin nanaye na finafinan Kano suka tsiro daga wannan saiwa. Alhazai sun dawo da son kiɗan Sudan da muryar Ummu Kulsum ta Masar. Kunnen Bahaushe kunnen bafatake ne, duk kasuwar da ya sauka sai ya tashi da wani abu. Toshewar nan sabuwa ce, kuma da waya ta zo.

Yadda abin yake aiki ba boyayye ba ne. TikTok da YouTube da Facebook suna lura da abin da ka tsaya a kansa, su ƙaro maka irinsa. Ka kalli gutsuren waƙar biki daga Kano sau biyu, gobe za ka tashi da guda hamsin. Manhajar ba ta damu da cewa kana kwana a gunduma ta shida ta Libreville ba, abin da ta sani shi ne inda yatsanka ya tsaya jiya. Kuma gutsure take bayarwa, daƙiƙa ashirin ko talatin, daidai wurin da za a taka rawa. Tun daga 2020, lokacin kullen korona, da waƙar Jarumar Mata ta mamaye wayoyi matan aure suna taka ta a gaban mazajensu, mawaƙanmu suka gane inda kasuwa ta dosa. Yanzu da yawansu amshi suke fara ginawa, sauran baitocin ciko ne kawai. Wanda ya saba da wannan ba zai iya zaman Bakandamiyar Narambaɗa ba, balle ya bi Ɗanƙwairo yana jero asalin basarake kaka da kakanni, 'yan amshi suna karɓa suna ƙarawa, kotso yana magana a ƙarƙashi. Waɗannan waƙoƙi sai da haƙuri suke buɗe wa mutum, kuma haƙurin ne wayar take cinyewa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a ƙasar nan akwai kiɗan da in Bahaushe ya zauna ya ji shi, zai rantse ya san danginsa. Ina nufin mvett na Fang, mutanen Woleu-Ntem, lardin da Hausawa suka kafa unguwanni a Oyem da Bitam da Minvoul sama da shekara ɗari. Wani maƙwabcinmu Bafange ya gayyace mu zaman fitar da takaba na mahaifinsa, a nan na gan shi ido da ido. Abin kiɗan gwangwalar tukurwa ce doguwa, tsirkiyoyi huɗu sun bi tsawonta, an ɗaga su a tsakiya da wani ɗan itace mai tsaga-tsaga, ta yadda kowace tsirkiya take ba da murya biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. A da daga jikin gwangwalar ake fere tsirkiyoyin, yanzu galibi waya ake ɗaurawa. An liƙa ƙore uku a bayanta, ta tsakiya tana manne da ƙirjin makaɗin. Ya sha gashin tsuntsu a ka, ƙararrawa a hannu. Yakan yi kiɗa, ya tsaya ya zuba zance da sauri kamar mai kirari, ya yi tsalle, ya jefa wa jama'a tambaya su amsa baki ɗaya, wasu suna buga 'yan sanduna suna riƙe masa kari. Ba na jin Fang, wani matashi ne a gefena yake ɗan gutsura mini: yaƙi ne tsakanin mutanen Engong da ba sa mutuwa, ƙarƙashin shugabansu Akoma Mba, da mutanen Okü masu mutuwa, waɗanda suke neman ƙwato sirrin dawwama. Aka kai tsakar dare labarin bai ko yi rabi ba, kuma babu wanda ya tashi.

Ina zaune ina jin tsigar jikina tana tashi, don abin da ya faɗo mini shi ne Ɗan'anace yana wasa Shago a filin dambe. Jarumi ne ake kambamawa har ya fi ƙarfin mutum, ana ambaton mutuwa a gabansa ba a sakaya ba, jama'a suna amshi, makaɗi yana riƙe da zukatan mutane da harshe da yatsu. Fang sun san darajar abinsu. An ɗauki muryar makaɗin mvett Zwè Nguéma a 1960, aka buga labarin nasa a littafi a 1972, Tsira Ndong Ndoutoume kuma ya fitar da nasa littafin Le Mvett a 1970. Mu da muka yi ƙarni muna sayar musu da tufafi da goro, 'yan kaɗan ne a cikinmu suka taɓa zama aka kaɗa shi a gabansu.

Haka nan Pierre Akendengué, wanda aka haifa a 1943, ya fitar da faifansa na farko Nandipo a 1974, yana waƙa da Myene da Faransanci. Mutum ne mai zurfin magana irin na Aminu Ala ko Akilu Aliyu, wanda kalma ba ta fita bakinsa sai ya auna ta. A 1993 shi da Bafaranshe Hughes de Courson suka yi Lambarena, inda suka haɗa kiɗan Bach, Bajamushen da ya rasu tun 1750, da waƙoƙin gargajiya da gangunan Gabon, don tunawa da likita Albert Schweitzer wanda ya kafa asibiti a Lambaréné a 1913, kuma gwani ne wajen kaɗa Bach. Ka ji muryoyin matan ƙauye sun shiga cikin kiɗan majami'ar Jamus sun zauna daram, babu wanda ya danne wani. Duk mai shakkar cewa kiɗan wata al'umma zai iya gaisawa da na wata ba tare da ɗaya ya zubar da girmansa ba, ya nemi wannan faifai. Yana cikin wayar da ke hannunsa, bai taɓa nema ba ne.

Na san abin da wasu malamai da dattawa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi a wurina. Za su ce yawancin kiɗan gargajiyar ƙasar nan a ɗaure yake da addinin gargajiya na Bwiti, da cin saiwar iboga, da abubuwan da Musulmi ba shi da hurumi a ciki. Gaskiya ne ngombi, molon nan mai tsirkiya takwas na Mitsogo da Fang, a ɗakin ibadarsu ya fi zama. Ba na kiran kowa zuwa can, ni ma ba na zuwa. Amma mu ma garaya da goge sun yi zama a gidan bori, hakan bai hana mu jin kukumar Ahmadu Doka ko gurmin Haruna Uji muna gane gwaninta ba. Papé Nziengui ya fitar da ngombi fili tun faifansa Kadi Yombo na 1989, wanda aka sake bugawa a Amurka a 2022, Turawa suna ta yaba shi. Mai tsoron Allah yana iya tace abin da zai ji, ya ɗauki na ɗauka ya bar na bari. Wanda bai taɓa ji ba kuwa ba tacewa ya yi ba.

Ga kuma ɗaya gefen matsalar, wanda ya fi kusa da gida. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan nasu kunnen a toshe yake ta wajenmu. Su ntcham suke ji, kiɗan da ya taso daga unguwannin talakawan Libreville, mai saurin bugu da zaurancen titi, na su L'Oiseau Rare da Eboloko. Wani ɗan ƙanwata ya same ni ina jin Shata, ya tsaya jim kaɗan ya ce, "Kawu, wai shi wannan tsohon ba ya gajiya? Magana ɗaya yake ta maimaitawa." Na ce masa ya zauna. Na nuna masa inda kalangu yake faɗin abin da bakin Shata bai faɗa ba, da yadda yake sauya kalma ɗaya a kowane zagaye har ma'ana ta juye. Ya yi shiru yana ji. Da aka gama sai ya ce, "To Kawu, kai ma sai ka zauna ka ji nawa." Na zauna. Akwai baitocin da ban so ba, masu kambama daba da shaye-shaye, na kuma gaya masa dalili. Amma na ji yunwa da fushin yaran lungu a ciki, na ji gwanintar sarrafa harshe wadda duk mai son karin magana zai gane ta. Uban da ya ce kiɗan ɗansa hayaniya ne alhali bai taɓa ba shi minti biyar ba, kada ya yi mamaki ran da ɗan ya ce Ɗanƙwairo surutu ne.

A bukukuwanmu ma abin ya bayyana. An daina neman mai kalangu ko matan da za su kifa ƙwarya a ruwa su yi amada irin ta Barmani Choge. DJ ake ɗauka da kwamfutarsa, ya jero gutsattsarin abin da ke tashe a Kano makon nan, a yi liƙi da jaka-jaka a watse. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinmu da iyayen biki su ware ko da awa ɗaya ga kiɗan hannu, kuma in maƙwabci Bafange ko Bapunu ya gayyace mu nasa taron, mu je mu zauna har a gama, kada mu miƙa gudummawa a bakin ƙofa mu juya.

Akwai kuma aikin da ya fi wannan gaggawa. A Oyem da Bitam har yanzu da sauran tsofaffin mata Hausawa da suke riƙe da waƙoƙin kamu da na wankan amarya da na daka, waɗanda kakanninsu suka taho da su ta Adamawa, suka yi shekara ɗari suna gogayya da harshen Fang da Faransanci. Irin wannan Hausa da irin wannan kari ba za a same su a Kano ba, kuma ba sa cikin TikTok. Duk mai kaka a can, in ya je hutu ko gaisuwar Sallah, ya zauna kusa da ita, ya roƙe ta ta rera, ya danna wurin ɗaukar murya, ya bar ta ta kai ƙarshen waƙar, sannan ya tambaye ta wa ya koya mata da kuma a wane gari.