Injin Leza Bai Ƙi Harafin Ƙ Ba

Ƙanwata tana sayar da turaren wuta da humra. Bara ta bar sayarwa daga cikin gida, ta kama ɗan shago a bakin titi a nan Kano, kuma tun kafin kafinta ya gama kanta ta matsa mini in raka ta wurin masu yin allon suna. Ba ta son fenti, ba ta son ledar fileks. Irin wanda take gani a Instagram take so: haruffa masu tudu, ruwan zinare, a kan baƙin bango, da fitila a bayansu. A cikin sunan da ta zaɓa akwai kalmar ƙamshi. Muka biya rabin kuɗi, bayan kwana biyar aka kira mu. Da aka ɓare takardar da ke manne a fuskar haruffan, sai ga "kamshi" yana ta ƙyalli, harafin farko a tsaye ƙyam babu ƙugiya.

Na ce wa yaron da ke kan kwamfuta, "Malam, ina ƙugiyar harafin nan?"

Ya ce, "Yallaɓai, salon rubutun da Hajiya ta zaɓa ba shi da ita. Ai kowa ma haka yake yi, za a gane."

Ita Hajiyar har ta fara ɗaukar hoto. Ni ne dai maganar ta tsaya wa a rai, domin wannan "za a gane" ɗin ita nake karantawa a fuskar shaguna daga Titin Gidan Zoo har Farm Centre, a rubuce da haruffan akirilik masu tsada.

Kada a ɗauka ina gaba da akirilik. Kaya ne mai kyau, kuma tsoho ne fiye da yadda yaran da ke yanka shi suke zato. A 1933 kamfanin Röhm & Haas na Jamus ya yi masa rajista da sunan Plexiglas, a Ingila kuma kamfanin ICI ya fitar da nasa da sunan Perspex, sunan da tsofaffin masu sana'ar suke kiransa da shi har yau. A Yaƙin Duniya na Biyu da shi aka yi rumfar da ke kan matuƙan jiragen yaƙi. Nauyinsa kusan rabin na gilashi ne, marar launinsa yana barin kashi 92 cikin ɗari na haske ya ratsa, kuma rana ba ta saurin mayar da shi rawaya yadda take yi wa sauran robobi. A falle yake zuwa, ƙafa huɗu da ƙafa takwas, mai kaurin milimita 3 ko 5 ne aka fi saya. A zana sunan a CorelDRAW, a tura wa injin leza, haske ya bi layi ya yanke, gefen ya fito sumul kamar an lashe. Sannan a ɗumama siririn yanki a lanƙwasa shi ya zagaye harafin, a ɗiga kulorofom ya narkar da gaɓar ta haɗe, a jera fitilun LED a ciki. Na tsaya na kalli wannan aiki fiye da sau ɗaya, kuma duk wanda ya ce babu gwaninta a ciki bai taɓa ganin ana zagaye cikin harafin S ba tare da ya tsage ba.

Idan ma aka gwada shi da ledar fileks, ai babu haɗi. Fileks damina ɗaya da rani ɗaya ke cinye ta, ja ya koma ruwan hoda, iska ta yage kusurwa, ta zauna tana kaɗawa kamar tsumman da aka manta a igiya. Samari da yawa kuma sun samu abin yi a wannan sabuwar sana'a, wasu ma da waya kaɗai suke karɓar aiki su kai wa mai inji ya yanka musu. Wannan alheri ne, ban raina shi ba.

Damuwata ita ce abin da muke sa injin ya yanka. Ka tsaya a bakin kowace sabuwar filaza ka ƙirga. Mai gyaran gashi, mai sayar da atamfa, mai shawarma, mai kemis, duk baƙin bango da zinare, duk rubutun nan mai jan wutsiya da ake gani a katin biki, duk da ɗan kambin sarauta a saman sunan, irin kambin da babu sarkin da ya taɓa sa shi a ƙasar Hausa. Daga nesa ba za ka bambance inda ake sayar da magani da inda ake sayar da leshi ba. Dalilin a fili yake: mai shago yana zuwa da hoto a waya, ya ce a yi masa irin wannan. Hoton kuwa daga Dubai ya fito ko Istanbul ko Legas. Yaron kwamfuta ya buɗe aikin wanda ya zo jiya, ya goge suna ya sa suna. Kowa ya biya kuɗin a yi masa nasa na kansa, kowa ya tafi da na maƙwabcinsa.

Mai fenti na da, da gwangwaninsa da buroshinsa da tsaninsa, yana da nasa laifin. Yakan ɓata rubutu shi ma, wani lokaci wuri ya ƙare masa ya matse haruffan ƙarshe kamar fasinjojin bayan a-kori-kura. Amma sai ya zo ya tsaya a gaban shagon kafin ya fara. Yana ganin inda rana take faɗowa, yana ganin bishiyar da za ta kare rabin allon, yana sanin cewa masu wucewa a nan a kan babur suke ko a ƙafa. Kuma ya san da yawa daga cikin masu sayayyar ba sa karanta boko, shi ya sa yake zana kan mutum da sabon aski a shagon wanzami, ya zana keken ɗinki, ya zana kaza da ƙwai. Hoton shi ne sunan shagon a wurin tsohuwar da aka aiko daga ƙauye. Mai akirilik na yau sau da yawa bai taɓa taka layin ba sai ranar da zai kafa. Awo aka turo masa ta WhatsApp.

Shi ya sa allunan nan suka fi kyau a hoto fiye da a titi. Da daddare ake ɗaukarsu, daren farko, fitila na ci. Ni kuwa da za a tambaye ni, sai in ce a je a duba allo da ƙarfe ɗaya na rana a watan Janairu, bayan ya shekara biyu, ranar da babu wuta. A lokacin ne zinaren madubi yake mayar wa mai kallo da rana cikin ido, har ba a iya karanta sunan. A lokacin ne ƙurar hunturu take kwance a kan kowane tudu da kowane lungu na harafi. Akirilik yana jan ƙura idan aka goge shi a bushe, musamman a busasshiyar iska irin tamu, kuma yana da saurin karcewa. Yaron shago ya ɗauko busasshen tsumma ya murza, ƙurar ta zama masa kamar yashi, a 'yan watanni fuskar ta dushe. Wani ya ce bari ya gyara da sifirit ko fetur, sai ƙananan tsaga su bazu a gefen da leza ta yanka. Ruwa da ɗan sabulu da tattausan ƙyalle kawai yake so, amma ban taɓa jin mai yin allo ya gaya wa mai shago haka ba. Shi kansa mai ruwan madubin, fentin da ke bayansa ba ya jure damshi, don cikin ɗaki ya fi dacewa, amma shi muke kafawa a waje yana shan ruwan Agusta.

Ga kuma zafi. Falle mai tsawon mita biyu yakan ƙaru da kusan milimita 3 tsakanin sanyin asuba da tsakar rana, baƙi ma ya fi shan zafin. Wanda ya san aiki yana huda ramin kusa ya ɗan fi kusar faɗi, ya bar wa kayan wurin motsi. Wanda bai sani ba ya ɗaure tamau, sai ka ga allo ya yi ciki ko ya tsage daga bakin kusa. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 kuɗin falle ya bi dala ya tashi, don daga waje ake shigo da shi, sai aka koma rage kauri da sayen fitilu masu araha. Sakamakon yana nan a kan tituna: suna mai harafi bakwai, uku sun mutu, huɗu na ci, da daddare shagon yana kiran kansa da wani suna dabam.

Duk wannan ana iya koyonsa, kuma kasuwa za ta koyar. Abin da kasuwa ba za ta gyara da kanta ba shi ne maganar ƙugiya, domin babu wanda yake mayar da allo saboda ita. Mun saba. Mun ga "Masaukin Baki" mun wuce, alhali baƙi ake nufi, ba bakin da ake cin tuwo da shi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne a da akwai uzuri, yanzu babu. A zamanin da kowane harafi sai an zuba shi da dalma kafin a buga, Kamfanin Gaskiya na Zariya yana fitar da littattafai da ɓ da ɗ da ƙ ɗinsu cif. Yau wayar da ke aljihun yaron nan tana da su. Injin leza kuwa bai san harafi ba sam, layi kawai ya sani. Duk abin da aka zana masa zai bi. Zai yanka ƙ, zai yanka ajami da duk lanƙwashe-lanƙwashensa, zai yanka Dagin Arewa, zai yanka irin zanen da magina suka yi wa fuskar gidajen Birnin Zazzau da unguwar Birni ta Damagaram. Wannan zane ma tudu gare shi tun asali, da laka ake ɗaga shi daga bango don inuwa ta fito da shi, wato dai abin da muke biyan kuɗi a yi mana da roba. Na taɓa ganin wani mai sayar da zuma da ya sa aka yanka masa sunan shagonsa da boko a sama, ajami a ƙasa, fari a kan kore, babu fitila ko ɗaya. Daga tsallaken titi ake karanta shi, kuma almajiri da ɗan jami'a duk sun san me ake sayarwa.

Masu sana'ar za su ce abin da mai kuɗi ya nema shi suke yi, kuma da gaskiyarsu har rabi. Amma tela na ƙwarai yakan ce wa mai yadi, "Alhaji, wannan ɗinkin ba zai karɓe ka ba." Wanda ya karɓi kuɗin zane, ba kuɗin yanka kaɗai ba, ya kamata ya iya faɗin haka, ya kuma taka ya je ya ga bangon.

A wurin masu yin allon ƙanwata dai na ƙi tashi. Maigidan wurin ya fito ya ji abin da ake ciki, ya ce wa yaron ya gwada. Yaron ya mayar da harafin zane, ya kama saman sandar k ya ja ta dama ya lanƙwasa, ya goge, ya sake, sai a karo na uku ta yi kama da 'yan uwanta. Bai kai minti goma ba. Daga cikin ragowar falle da ke jibge a ƙarƙashin tebur aka yanko shi, ba a ƙara mana ko sisi ba. Ƙanwata ta ce, "Yaya, kai dai da neman magana," amma ta goge hoton farko ta ɗauki sabo. Zinaren nata na nan yana kashe ido da rana kamar yadda na faɗa mata, ba ta saurare ni a kan wannan ba. A cikin ƙugiyar nan kuma ƙura ta fi taruwa, duk ranar Asabar sai ta sa yaronta ya hau benci da jiƙaƙƙen ƙyalle.