Rabon Yabo a Aikin Gayya: Nana Asma'u da Waƙar Tabbat Haƙiƙa

Idan aka tashi lissafin marubutan jihadin Sakkwato, sunaye uku ne ke fara zuwa baki, watau Shehu Usmanu, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello. Lalle sun cancanta. Amma rubutun gidan nan aikin gayya ne: wani ya tsara, wani ya fassara, wani ya ƙara. A wajen rabon yabon aikin ne ma'auni ke karkata.

A dubi waƙar Tabbat Haƙiƙa. Shehu ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u (1793–1864) ta mayar da ita Hausa, sa'an nan ƙanenta Isan Kware ya yi mata tahamisi. Sau da yawa almajiri kan ce waƙar Shehu ce, wanda ya ɗan zurfafa ya ambaci gwanintar Isa. Ita kuwa a ce “ta fassara”, a wuce, sai ka ce kwafe allo ta yi.

Wanda ya san ginin harsunan biyu ba zai yarda da wannan ba. Fulatanci yana da rukunonin suna masu yawa, farkon kalma kuma kan sauya daga tilo zuwa jam'i. Hausa ba ta da wannan, jinsi take rarrabewa, na namiji da na mace. Mai fassarar waƙa tilas ya rushe kowane baiti, ya sake gina shi da gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi har karin ya zauna, ma'ana kuwa kada ta zube. Bugu da ƙari, ƙa'idar tahamisi ita ce a ɗora ɗango uku a gaban biyu na asali, su bi amsa-amon ɗangon farko. Ashe ke nan Isa sawun yayarsa ya bi, ita ta yanke masa kalmar da zai rufe ɗangonsa da irinta.

Haka ya faru da littafin Bello a kan mata salihai, Kitab al-Nasiha, wanda ta mayar waƙa da Fulatanci da Hausa, matan 'Yan Taru suka kai irin waɗannan waƙoƙi ƙauyuka. Na Bello ana kiransa talifi, nata kuwa taimako.

Ana iya cewa kiranta 'yar Shehu ba raini ba ne, gama Isa ma ɗan Shehu ake ce masa. Gaskiya ne. Sai dai shi nasaba ƙari ce a kan aikinsa, ita kuwa takan zama bayanin aikin, kamar ilmin aro ne daga uba ko daga mijinta, Waziri Giɗaɗo. Mutanen Sakkwato ba su taɓa mance ta ba, amma sai a 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga ayyukanta a littafi guda mai ɗauke da sunanta, shekara 133 bayan rasuwarta.